Mutumin Kirki A Fim: Ina Ɗaliban Mafara Za Su Samo Shi?

Mai karatu, wannan watan ka yi mini afuwa, ba sabon fim zan feɗe maka ba. Wasu takardu ne suka faɗo hannuna lokacin da na je gida Talata Mafara hutun Sallah, kuma abin da na gani cikinsu ya fi mini finafinai goma muhimmanci. Ƙanwata ce da abokan karatunta aka ba su jinga a makaranta. Malaminsu ya kasa su rukuni-rukuni, ya ce kowane rukuni ya nemo wani mutumin kirki da ya taɓa rayuwa, su bincika tarihinsa, sannan su gina tauraron wani gajeren fim a kansa: sunansa, suturarsa, yadda yake magana, abin da yake so, abin da yake tsoro, har da zanen kamanninsa a takarda. Da yake sun san sana'ata ke nan, kallon fim da surutu a kansa, sai suka kwaso mini abin da suka yi, wai in duba musu kafin su miƙa.

Rukuni shida ne suka kawo mini aikinsu, amma wallahi mutum ɗaya na gani. Sunan ne kawai ya bambanta, nan Malam Nura, can Malam Sadiƙu, gaba Alhaji Aminu. Kowane da farar riga da tasbaha da gemu a gyare da murmushi. Ba ya fushi, ba ya cin bashi, ba ya mantuwa, matarsa ba ta taɓa yi masa yaji ba. A gurbin da aka ce su rubuta abin da yake tsoro, duk sun rubuta "Allah", suka wuce. Amsa ce ta gaskiya, amma ba ta gaya wa darakta inda zai kafa kyamara ba. Da na tambaye su ina suka yi binciken, sai kowa ya ɗago wayarsa.

Ban yi musu dariya ba, don kuwa ba laifinsu ba ne. Abin da muka shayar da su tun suna goye shi suka zana. Ni ma da aka ba ni irin wannan jingar lokacin ina karatun difloma, da Malam Nuran zan zana.

Yadda muka saba ganinsa

Tun daga Turmin Danya na 1990 zuwa yau, finafinanmu sun ƙware wajen gina mugu da shaƙiyyi, sun bar mutumin kirki a baya yana jan ƙafa. Ka tuna marigayiya Hauwa Ali Dodo. Rawar Biba da ta taka a Ki Yarda Da Ni ta manne mata, har ta koma ga Allah a 2010 jama'a na kiranta Biba Problem. Ka tuna marigayi Rabilu Musa, wanda sunan Ibro ya shafe sunansa na yanka. To, ka zauna ka lissafo mini taurarin kirki nawa ne sunansu ya zauna a bakin mutane haka. Za ka daɗe kana sosa ƙeya.

Dalili a fili yake. Muguwar kishiya akan ba ta buri, a ba ta dabara, a ba ta zafafan maganganun da yara za su haddace su riƙa maimaitawa a layi. Mutumin kirki kuwa kuka ake ba shi ko wa'azi. In mace ce, za ta fara sharar hawaye tun daga fitowar farko har a rubuta "Alhamdu lillahi". In namiji ne, liman ne ko dattijon da za a ajiye a kan buzu sai saura minti biyar fim ya ƙare, a tara masa masu laifi ya karanta musu darasin da marubuci ya kasa nunawa a aikace. Irin wannan ne malaman adabi ke kira miƙaƙƙen tauraro, yadda ya shigo haka zai fita, ba abin da ya taɓa shi.

Wani zai ce ai ga Umar Hashim na Izzar So, wanda Lawan Ahmad ya fara fitowa da shi a YouTube a 2020, kuma jama'a suka rungume shi. Gaskiya ne, kuma karɓuwar da ya samu ta nuna irin ƙishirwar da masu kallo ke da ita ta ganin nagari ya yi nasara. Na yaba wa masu shirin a kan wannan. Inda nake da ja shi ne, ban taɓa zama gaban shirin gabana na faɗuwa don tsoron kada Umar ya karkace ba. Na san ba zai karkace ba, kai ma ka sani. Makirci ake ƙulla masa daga waje, amma cikin zuciyarsa babu yaƙi. Mai kallo yakan so irin wannan tauraron, sai dai da wuya ya ga kansa a cikinsa, domin shi mai kallon kullum cikin kokawa yake da zuciyarsa.

Dubi kuma Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda Adamu Halilu ya mayar fim a 1976. Shehun malami ne natsattse, almajirai sun kewaye shi yana ba su labarinsa. Amma wa ke tsaya maka a rai bayan ka gama? Mahaifiyarsa ce, wadda ta bar gida da dangi ta bi sawun ɗanta, aka yaudare ta, ta faɗa bauta, ba ta sake ganinsa ba sai dab da ajalinta. Ita ce kirkinta ya ci mata wani abu, shi ya sa ita ce ba a mantawa.

Jerin kayan miya

Rukuni biyu cikin ɗaliban nan sun yi ƙoƙari, sun tono aikin Baturen nan Kirk-Greene, wanda ya wallafa nazarinsa a kan mutumin kirki a wurin Bahaushe a 1974. Ya kawo halaye goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Aiki ne mai amfani, kuma ina ba kowane marubucin fim shawarar ya san shi. Kuskuren da suka yi shi ne sun kwashe goman duka sun ɗora wa mutum guda, suka ɗauka an gama. Wannan jerin kayan miya ne. Wanda ya zube kuka da daddawa da barkono a faranti ya ajiye maka, ai bai ba ka miya ba.

Abin da na gaya musu, kuma shi ne maƙasudin wannan rubutu, bai wuce karin maganar nan ba: ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. In za ka binciki mutumin kirki don gina tauraro, kada ka tsaya tara yabonsa. Nemo ranar da kirkin nan ya ja masa asara, ranar da hanya ta rabu biyu a gabansa, mai sauƙi da mai ƙaya, ya ɗauki mai ƙayar yana sane. Wannan ranar ita ce fim ɗinka. Sauran duk cikon benci ne.

Kuma na ce musu ba sai sun tafi Masar ko Indiya neman irin wannan rana ba. Tsakanin Mafara da Bakura da Maradun akwai abin da zai ishe su har su yi kyauta. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Bari in kawo uku.

Ranar Magami

Kafin jihadi, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara, shi da ƙaninsa Abdullahi. Littattafan tarihi sun ambaci Faru cikin wuraren da ya zauna, sun kuma ambaci Magami, sunaye biyu da mazaɓa guda ta haɗa a Ƙaramar Hukumar Maradun. Wajen 1788, Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo, wanda a lokacin Zamfara ke ƙarƙashin ikonsa, ya tara malaman ƙasarsa a Magami ranar Babbar Sallah ya yi musu kyauta. Rabon Shehu, kamar yadda aka ruwaito, miskali 500 ne na zinariya. Shehu bai karɓa ba. Maimakon haka ya roƙi abu biyar: a bar shi ya yi kira zuwa ga addini a ƙasar, kada a hana wanda ya so amsa kiran, a girmama duk mai rawani, a saki waɗanda ke tsare, a kuma sassauta wa talakawa haraji. Bawa ya amince, kuma cikin waɗanda aka saka har da Abarshi na gidan sarautar Zamfara.

To mai karatu, kalli wannan da idon ɗan fim. Ga filin idi cike. Ga sarkin da ake jin tsoronsa ko'ina. Ga sauran malamai sun miƙa hannu sun karɓa, wanda ke nufin duk wanda ya ƙi ya kunyata su, ya kuma mayar wa sarki hannunsa a bainar jama'a. Ga almajirai a baya, waɗanda zinariyar nan za ta ciyar da su shekaru. Kuma lura da hikimar: ba ƙin karɓa kawai aka yi a juya baya ba, an canza kyautar ne daga aljihun mutum ɗaya zuwa wuyan talakawa da fursunoni. Babu inda ake bukatar dogon wa'azi a wannan fitowa. Hannun da bai miƙu ba ya gama magana.

Ban ce ɗalibai su sa wa wani yaro rawani su ce ga Shehu ba. Wannan ba zai karɓu ba, kuma bai ma kamata ba. Jarrabawar za su ara. A ɗauke ta daga filin idin Magami a kai ta ofishin shugaban ƙaramar hukuma, ko ɗakin hedimasta, ko rumfar sarkin kasuwa. A ba wani ƙirƙirarren mutum ambulan a gaban abokan aikinsa da suka riga suka karɓi nasu, a ga yadda zai yi.

Haƙurin Sarkin Kudu

Na biyu ya fi kusa da mu. Marigayi Muhammadu Macciɗo, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar na III, ya riƙe ƙasar Talata Mafara da sarautar Sarkin Kudu tun cikin shekarun 1950, kuma da wannan sunan Sa'idu Faru ya yi ta waƙe shi. Da mahaifinsa ya rasu a Nuwamba 1988 bayan shekara 50 a gadon sarauta, an bayyana sunan Macciɗo a matsayin magaji, jama'a suka fara murna. Cikin 'yan kwanaki magana ta juya, gwamnatin soja ta Babangida ta tabbatar da Ibrahim Dasuƙi. Sakkwato ta yamutse, aka rasa rayuka. Sai a Afrilu 1996, bayan gwamnatin Abacha ta sauke Dasuƙi, Macciɗo ya hau gadon, ya zauna kai har hatsarin jirgin sama na 29 ga Oktoba 2006 a Abuja ya yi ajalinsa.

Halin da jama'a suka fi shaidar sa da shi haƙuri ne. Amma rubuta "mai haƙuri" a takarda ba wahala. Abin da ɗan fim zai tambayi kansa shi ne, yaya haƙuri yake kama a ido? Mutumin da aka ba abu da safe aka karɓe da yamma, ga dubban mutane a waje suna jiran ya ɗaga yatsa kawai, me yake yi da hannuwansa? Me yake ce wa iyalinsa? Ranar da ya haɗu da wanda aka ba, wa ke fara gaisuwa? Shekara bakwai da 'yan watanni ba kwana bakwai ba ne. Finafinanmu sun mayar da haƙuri kuka da tagumi, alhali haƙurin mai iko, wanda zai iya tayar da gari ya zaɓi ya zauna, shi ya fi wuya kuma shi ya fi daɗin kallo. Nan ma ba tarihin Sarkin za a ɗauka ba, a gina wani ɗan sarki na ƙirƙira, ko ma ɗan kasuwar da aka ƙwace wa shugabancin ƙungiya, a ɗora masa wannan nauyin.

Waɗanda ba a rubuta sunansu ba

Na uku shi ne Bakolori. Kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ya gina dam ɗin a kan Gulbin Sakkwato, aka kammala shi a 1978. Ruwa ya cinye gonaki da gidajen dubban mutanen ƙasar Maradun, aka tashe su zuwa sabon matsuguni. A ƙasa kuma, wajen Mafara da Bakura, aka karɓi gonakin mutane don a baje su a yi hanyoyin ban ruwa, manomi ya ga damina ta wuce bai yi shuka ba, diyya kuma ta zama sai an gani. Daga 1979 manoma suka fara tare hanyoyi suna hana aiki. A ƙarshen Afrilu 1980, zamanin Shugaba Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta, abin ya fi muni a Birnin Tudu. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan, mutanen yankin da masu bincike suka ce ɗaruruwa ne suka mutu.

Shekara arba'in da ɗoriya ke nan, kuma akwai tsofaffi da ransu a garuruwan nan waɗanda suka ga abin da idonsu. A irin wannan rana ake samun wanda ya ɓoye maƙwabcinsa, da wadda ta yi jinyar ɗan wata, da mai unguwar da ya rasa inda zai sa kansa tsakanin hukuma da jama'arsa. Babu makaɗin da ya waƙe su, ba a sa wa titi sunansu ba. Ɗalibin da ke neman mutumin kirki ya bar waɗannan ya tafi intanet, ya yi kama da mai tsaye a bakin gulbi yana taimama.

Riga da sana'a

Sai batun zane, wanda shi ne rabin makin jingar. Farar riga da tasbaha ba su gaya mana komai, don mun sha ganin mugu da su, a fim da wajen fim. Sutura tana magana ne in tana da dalili. Misali, Nana Asma'u 'yar Shehu (1793 zuwa 1864) ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajoji, wato dattawan mata, ke jagorantar matan ƙauyuka su zo su ɗauki karatu su koma su koyar. Alamar jaji ita ce malfa da jan ƙyalle a naɗe. Malfar nan kuwa a da alama ce ta Innar Gobir, shugabar 'yan bori. Ka ga hula ɗaya ta ɗauko tarihin sauyin zamani gaba ɗaya. Ɗalibar da ta zana tsohuwa da malfa da jan rawani, ƙafa duk faso saboda tafiya, ta fi wadda ta zana farin hijabi mai sheƙi nisa.

Duk wanda ya kalli fim ɗin Umar Mukhtar na Mustafa Akkad, wanda ya fito a 1981, zai tuna tabarau ɗin tsohon. Da shi yake karantar da yara, da shi yake duba Alƙur'ani, kuma da Italiyawa suka rataye shi wani ƙaramin yaro ne ya tsinci tabaran. Abu ɗaya ƙarami ya gaya mana cewa malamin makaranta ne yaƙi ya samu, ya kuma gaya mana cewa aikin bai mutu da shi ba. Ka nema wa tauraronka nasa tabaran.

Ka kuma ba shi abin yi. Mutanen kirkin finafinanmu ba su da sana'a sai kirki. Alhali nan kusa da Mafara, a Matuzgi, Malam Muhammadu Tukur ya zauna, almajirin Shehu, sufi, wanda ya yi waƙoƙi da Fulatanci ya kuma yi rubutu da Larabci a kan magunguna. Malamin da ke da saiwoyi da turmi a zaurensa, marasa lafiya na sallama, ya ba darakta abin ɗauka. Haka Abdu Gusau, wanda kwalejin kimiyya da fasaha ta Talata Mafara ke ɗauke da sunansa, injiniya ne. Mutumin da kirkinsa ke fitowa a wajen awon siminti da ƙin rage rodi, wannan sabon abu ne a allonmu.

Tarko uku

Akwai wuraren da mai irin wannan bincike zai taka a hankali. Na farko waƙoƙin fada. Allah ya albarkaci yankin nan da su: Musa Ɗanƙwairo, haifaffen ƙasar Bakura da ya yi suna a fadar Sarkin Kayan Maradun ya rasu a 1991, da Sa'idu Faru da muka ambata. Waƙoƙinsu taska ce ta sanin irin halin da Bahaushe ke so ya gani ga shugaba, da kalmomin fada, da yadda ake zambo da habaici. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya yi aiki mai yawa a kansu, a neme shi a karanta. Sai dai a tuna aikin makaɗin fada ya ɗaga ubangidansa ya kwantar da abokin hamayya. Wanda ya gina tauraro da waƙar yabo kaɗai, Malam Nura zai sake haifowa, sai dai wannan karon da alkyabba.

Na biyu, masu rai da masu mulki. Ƙananan hukumomin nan uku kowace ta fitar da gwamna: Ahmad Sani Yariman Bakura daga 1999 zuwa 2007, Abdul'aziz Yari na Mafara daga 2011 zuwa 2019, da Bello Matawalle na Maradun daga 2019 zuwa 2023. Don haka ban yi mamaki ba da wasu ɗaliban suka fara tunanin ɗan siyasa. Shawarata a bar mai rai ya gama rubuta littafinsa. Duk abin da ka zana a kansa, rabin ajinku za su ce kamfe ne, rabi su ce ɓatanci ne, a bar maganar fasaha a koma gardamar jam'iyya.

Na uku, tsoron aibi. Ɗalibai na ganin rashin ladabi ne a ce mutumin kirki yana da rauni. Ai shi ya sa ake canza suna da gari da zamani, a mayar da shi ƙirƙira, don a samu 'yancin ba shi rowa ko saurin fushi ko tsoron matarsa ba tare da an taɓa mutuncin zuriyar kowa ba. Annabawa ne ma'asumai. Tauraron da ba ya da inda za a kama shi, Shaiɗan ma ba zai ɓata lokaci a kansa ba, balle mai kallo.

Ga wanda zai iya tafiya, akwai Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, akwai Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna. Wanda bai da kuɗin mota kuma, ranar Talata ya shiga kasuwar Mafara ya nemi rumfar tsofaffi, ya sayi goro, ya zauna ya yi shiru.

Misali ɗaya

Don kada a ce na iya sukar gini ban iya ɗora bulo ba, ga wanda na ƙirƙira musu a zaune. Sunansa Mamman Akawu, shekara 27, a 1979. Ɗan manomi ne da ya yi boko, ya samu aikin rubuta sunayen masu karɓar diyya, alhali gonar ubansa na ƙarƙashin ruwa. Yana sa 'yar shara da wandon kaki, biro biyu a aljihu, ja da shuɗi. An sa masa rana, lefe bai haɗu ba. Yana da tsoro, ba ya iya kallon na gaba da shi ido cikin ido, kuma ya taɓa karɓar 'yar na-goro sau ɗaya, abin na cin sa. Ranar nan maigidansa ya tura masa ambulan da wasu sunaye da ba su da gona, ya ce a shigar. Mamman ya mayar da ambulan hannunsa na rawa, ya ce in dai alheri ake so a yi masa, a mayar da sunan wata gwauruwa da aka tsallake. Aka mayar da sunan, shi kuma aka yi masa canjin wurin aiki zuwa inda ba kowa. Auren ya tashi. Mutanen garinsu har gobe kallon yaron gwamnati suke yi masa, gwauruwar ma ba ta san wanda ya yi mata ba. Ba liman a ƙarshe, ba wa'azi. Jan biron kawai za a nuna a kan tebur.

Me ya sa na damu?

Wani zai ce duk wannan surutu a kan jingar 'yan makaranta? To ka tuna yadda duniya ta ji sunan garuruwan nan a 2021. A Fabrairu aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe ta ƙasar Mafara. A Agusta aka shiga kwalejin aikin gona ta Bakura. Ranar 1 ga Satumba aka ɗebi ɗalibai sama da 70 a makarantar Kaya ta ƙasar Maradun. Yaran da suka tashi cikin wannan sun ga ɗan bindiga a waya yana lissafin kuɗi yana dariya, da rai da kuzari. In muka ajiye musu mutumin kirki kamar gunki a gefe, ba jini ba gumi, wa kake jin zai burge su? Alhakin da ke kan marubutanmu ke nan, kuma waɗannan ɗaliban su ne marubutan gobe.

Kafin in baro gida, rukunin su ƙanwata suka yaga Malam Nuransu suka tafi wurin kakarmu. Ta dube su da wayoyinsu ta ce, "Mi kuka biɗa cikin abin ga? Ku zamna in gaya muku." Ta ba su labarin wata ungozoma da aka yi a unguwarmu, wadda ko tsakar dare aka buga mata ƙofa za ta fito da fitilarta, ba ta taɓa tambayar ko nawa za a ba ta ba, kuma ta taɓa rufe asirin wata yarinya har ta shiga kabari da shi, duk da gorin da ta sha a kai. Suka ce to Kaka, halinta fa, mai sanyi ce ko? Tsohuwa ta yi dariya har da tari, ta ce kaf unguwar ba a yi mafaɗaciya irinta ba, maza ma ratse mata suke yi.

Ita suka zana, da fitilar da bakin nata duka. Ban san makin da malaminsu zai ba su ba, amma ni dai in aka yi fim ɗin zan sayi tikiti. Furodusoshinmu kuma da ke kukan labari ya ƙare, ga hanya nan, ba ta da nisa. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mun haɗu a wata mai zuwa.